Ƙwayoyin bakteriya masu kare shinkafa daga cuta: abin da ya kamata manomi ya sani

Idan aka ce bakteriya, yawancinmu cuta muke tunawa. Amma akwai masu amfani, kuma mun daɗe muna zaune da su. Su ne ke kwantar da nono, kuma ɗaya daga cikinsu, mai suna Bacillus subtilis, ita ce ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. To dangin wannan ƙwayar, da wata da ake kira Pseudomonas fluorescens, su ne masu bincike ke sa wa shinkafa don su tsare ta daga cuta.

Batun ya shafe mu. Ana noman shinkafa a bakin kogin Kwara, daga Tilaberi zuwa Yamai har Gaya, da bakin Komadugu a jihar Difa, kuma a gandayen da ONAHA ke kula da su sau biyu ake nomawa a shekara, damina da rani. Inda shinkafa ke bin shinkafa haka, cuta na samun wurin zama. Akwai mai ƙona ganye daga baki ya bushe ya yi fari, akwai mai tabo kamar ido wadda ke karya wuyan zangarniya ta bar ƙaiƙayi.

Aikin ƙwayoyin shi ne su riga cuta kama wuri. Suna mamaye saiwa da ganye, su cinye abincin da cutar za ta ci, musamman sinadarin ƙarfe. Suna kuma fitar da wani dafi mai hana ta yaɗuwa, su zaburar da shukar ta shirya kare kanta tun kafin a taɓa ta.

A jihar Tamil Nadu ta Indiya, inda aka daɗe ana wannan aiki, garin Pseudomonas ake sayarwa. Ana sa giram 10 ga kilo guda na iri, a jiƙa ya kwana. Ranar dashe a tsoma saiwar cikin ruwan maganin kamar rabin awa, daga baya a fesa wa ganye.

Sai dai fa mu yi hattara, abin mai rai ne. Pseudomonas ba ta jure zafi, buhun da ya sha ranar Afrilu a rumfar kasuwa ƙila gari kawai ya rage. Bacillus ta fi ta juriya, don tana ƙulle kanta cikin ɓawo har sai ta ji danshi, shi ya sa muke ganin ta fi dacewa da ƙasarmu. Kar a haɗa su da maganin feshi mai jan ƙarfe, kashe su yake yi. Kuma rigakafi ne, gonar da ta riga ta ƙone ba za su tayar da ita ba. Cutar nan mai mayar da ganye rawaya ta tsumburar da shuka, ita ƙwayar bairus ce, iri mai juriya da tsabtar gona ne maganinta. Yawan takin ure ma yana ƙara wa ƙonewar ganye ƙarfi.

Ƴan uwa na waje masu aiko kuɗin noma, kafin ku sayi irin wannan magani ku sa a tambayi malamin gona ko ma'aikatan INRAN, a duba ranar da aka yi shi, a gwada a fangali ɗaya tukuna. Daddawa kuwa a bar ta a miya, ba kowace Bacillus ce ke aikin gona ba.