Yadda Aka Gano Guguwar Kweza

A shekarar 1959, masana falaki na Jami'ar Kambirij a Ingila suka fitar da kundi na uku na wuraren da ke aiko da igiyoyin rediyo daga samaniya, ba tare da sun san ainihin abin da ke aiko su ba. Bayan shekara uku, Cyril Hazard ya yi amfani da na'urar Parkes a Ostireliya, ya jira wata ya gifta ta gaban 3C 273, ɗaya daga cikin wuraren da ke kundin, ta haka ya tantance mazauninsa. A 1963, Maarten Schmidt ya rarraba haskensa a dutsen Palomar na Amurka, ya tabbatar cewa abin da ake gani kamar tauraro yana can nesa ƙwarai, kuma ya fi gungun taurari sukutum haske. Wannan shi ne abin da aka sa wa suna kweza.

Ba a jima ba sai wani sirrin ya kunno kai. A 1966, Margaret Burbidge da abokan aikinta suka ga baƙaƙen layuka a bakan hasken kweza mai suna 3C 191, alamar cewa akwai iskar gas a hanya da ke shanye wani sashe na hasken. A 1967, Roger Lynds ya ga irinsu a kweza mai suna PHL 5200, amma masu faɗi sosai, faɗin da ba ya samuwa sai gas yana ficewa da gudun dubban kilomita a daƙiƙa guda. Sannu a hankali aka fahimci cewa a tsakiyar kweza akwai wagegen baƙin rami, kuma ba ya haɗiye duk abin da ya nufo shi, domin tsananin hasken da ke kewaye da shi yana tunkuɗa wani kaso waje a matsayin guguwa.

Shekara da shekaru ana samun waɗannan faffaɗan layuka a kwezoji masu raunin rediyo kaɗai, har binciken John Stocke na 1992 ya ƙarfafa ra'ayin cewa masu ƙarfin rediyo, waɗanda su ne kusan kashi 10 cikin 100, ba su da irin wannan guguwa. Ra'ayin ya zauna daram har zuwa lokacin da shirin FIRST ya fara zazzage sama da na'urorin VLA a jihar New Mexico. A 1997, Robert Becker da tawagarsa suka sanar da kweza mai ƙarfin rediyo da faffaɗan layuka, kuma zuwa shekarar 2000 sun tara wasu da dama.

Daga nan tambayar ta sauya. Masana suka daina musu kan samuwar guguwar a kwezoji masu ƙarfin rediyo, suka koma auna nisan da take kaiwa da yawan gas ɗin da take kwashewa, domin gas ɗin nan shi ne abin da sababbin taurari ke samuwa daga gare shi, kuma gungun taurarin da ya rasa shi, haihuwar taurari a cikinsa takan ja baya.