GET da POST: Hanyoyi Biyu da Shafin Intanet Yake Aika Buƙata

Gabatarwa

A shekarar 2009 ƙungiyar CRS ta fara shirin ABC a jihohin Doso da Damagaram, inda ɗaliban yaƙi da jahilci suka koyi rubuta saƙo a wayar salula. Yanzu wayoyi da yawa suna buɗe shafukan intanet, ana cike takardu a kansu. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya san yadda abin da ya rubuta yake tafiya.

Yadda shafi yake aika buƙata

Kowane shafi yana ajiye ne a wata babbar kwamfuta mai nisa da ake kira saba. A da, idan mutum ya danna maɓalli, sai dukan shafin ya ɓace ya sake buɗewa. A shekarar 1999 kamfanin Microsoft ya fito da dabarar da daga baya aka sani da XMLHttpRequest. Da ita shafi yake aika buƙata, ya karɓi amsa, mai karatu kuwa yana ci gaba da karatunsa. A 2015 aka sami sabuwar dabara mai suna fetch. Duka biyun suna cikin manhajar buɗe shafuka, don haka mai gina shafi ba sai ya ɗauko wata manhaja ta aro ba. Amma dole ya zaɓi hanyar aikawa. Waɗanda aka fi amfani da su biyu ne.

Hanyar GET

Wannan ta tambaya ce. Misalinta shi ne mutum ya shiga kasuwar Dumega ya tambayi kuɗin tiyar hatsi. Ko sau goma ya tambaya, babu abin da ya ragu a buhu ko a aljihunsa. GET tana rubuta tambayar a jikin adireshin shafi, kuma saba takan ajiye adireshin a kundinta. Waya ma tana iya riƙe tsohuwar amsa ta sake nuna ta.

Hanyar POST

Wannan ta miƙa abu ce. Misalinta shi ne zubin adashe: wanda ya miƙa sau biyu, sau biyu ya biya. POST tana sa bayani a cikin saƙon, ba a jikin adireshi ba. Da ita ake rajistar suna, da aika kuɗi, da gyara bayani.

Shawarwari ga mai gina shafi

1. Idan karanta bayani kawai za a yi, a zaɓi GET.
2. Idan wani abu zai canza a saba, a zaɓi POST. A tuna cewa fetch tana bin GET ne in ba a gaya mata wata hanya ba.
3. Kada a aika lambar sirri ko lambar katin ɗan ƙasa ta GET.
4. POST kaɗai ba ta ɓoye sirri. Sai adireshin ya fara da https.

Shawarwari ga ɗalibi

1. Idan layi ya yi rauni bayan ka danna maɓallin aikawa, ka yi haƙuri. Sake dannawa yana iya sa a biya kuɗi sau biyu.
2. Ka duba saƙon tabbaci kafin ka sake gwadawa.
3. Idan ka ga lambar sirrinka a jikin adireshi, ka dakata, ka nuna wa malamin ajinku, sannan ka canza lambar.