Kula da Cutar PCOS: Matsayin Abinci, Motsa Jiki da Zaɓin Magani

Yanayin cutar

Cutar da likitoci ke kira PCOS rikicewa ce ta sinadaran jiki masu tafiyar da haila da haihuwa, kuma ta fi kowace cuta irinta yawa a tsakanin matan da ke shekarun haihuwa. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na 2023, waɗanda Jami'ar Monash ta Ostareliya ta jagoranci tsara su, sun ƙiyasta cewa tana shafar kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari na waɗannan mata. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce masu ɗauke da ita ba tare da an gano musu ba suna iya kai kashi 70 cikin ɗari. Likitoci biyu na birnin Shikago, Irving Stein da Michael Leventhal, su suka fara bayyana ta a 1935, cikin rahoton mata bakwai da suka haɗa ɗaukewar haila da girman gidan ƙwai fiye da kima. Maganin da suka yi musu shi ne yanke wani yanki na gidan ƙwan, kuma daga nan aka daɗe ana kallon cutar a matsayin lalurar gidan ƙwai kaɗai.

Binciken da ya biyo baya ya sauya wannan fahimta. A 1980 George Burghen da abokan aikinsa sun nuna alaƙa tsakanin yawan insulin a jini da yawan sinadarin maza, wato androjin, a jikin masu cutar. A 1989 Andrea Dunaif ta tabbatar da cewa jikinsu ba ya jin insulin yadda ya kamata, ko da kuwa ba su da ƙiba. Idan jiki ya ƙi jin insulin, sai ya riƙa fitar da shi da yawa domin ya shawo kan sugan jini. Wannan rarar tana zuga gidan ƙwai ya samar da androjin fiye da kima, tana kuma hana hanta samar da furotin da ke ɗaure androjin ɗin a jini. Sakamakon haka ƙwayaye su fara girma su tsaya a hanya, babu wanda ya nuna balle a sake shi. Su ne ake gani a hoton sikanin jere a gefen gidan ƙwai kamar carbi. Ba ƙari ba ne, kuma ba sa bukatar tiyata. Rashin sakin ƙwai shi ke kawo jinkirin haila da wahalar samun ciki, yawan androjin kuma ya kawo gashi a haɓa da ƙirji, da ƙurajen fuska, da zubewar gashin tsakiyar kai.

Gano cutar

Ma'aunin da aka fi aiki da shi shi ne na taron Rotadam na 2003, wanda ya ce a tabbatar da cutar idan biyu daga cikin abubuwa uku sun haɗu: rikicewar haila, alamun yawan androjin a jiki ko a gwajin jini, da kamannin gidan ƙwai a sikanin. Haila ta rikice idan tazararta ta gaza kwana 21, ko ta wuce 35, ko ta zo ƙasa da sau takwas a shekara. Ƙa'idojin 2023 sun yarda a yi gwajin jini na AMH a madadin sikanin ga babbar mace, sun kuma hana dogaro da sikanin ga yarinyar da ba ta cika shekara takwas da fara haila ba, domin a wannan lokaci gidan ƙwan mai lafiya ma yakan ɗauki irin wannan kama. Yarinyar da aka laƙaba wa cutar da hoto kaɗai an ɗora mata fargabar rashin haihuwa ba gaira ba dalili.

Kafin a yanke hukunci dole a kawar da cututtukan da ke kama da ita: matsalar tayirod, hauhawar sinadarin da ke kawo ruwan nono, da wata lalurar gado ta halittar da ke saman ƙoda. A ƙasar Hausa akwai tambayar da bai kamata likita ya tsallake ba, wato ko mace tana shan ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, ko tana shafa man bilicin. Da yawa daga cikinsu na ɗauke da sitiroyid, wanda ke kawo teɓa da ƙuraje da gashin fuska da hauhawar suga, har a ɗauka PCOS ce.

Abinci

Gyaran abinci da motsa jiki su ne matakin farko ga kowace mai cutar, ko za ta sha magani ko ba za ta sha ba. Tun 1992 ƙungiyar Stephen Franks a Landan ta nuna cewa mata masu ƙiba da suka rage fiye da kashi 5 cikin ɗari na nauyinsu sun sami daidaituwar haila, wasu har da ciki. Adadin ba shi da yawa: ga mace mai kilo 80, kilo huɗu ke nan. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na 2018 sun ba da shawarar rage kalori 500 zuwa 750 daga abincin yini ga wadda ke neman rage nauyi.

Abin da bincike bai nuna ba shi ne fifikon wani tsarin abinci a kan wani. An gwada rage sitaci, an gwada ƙara furotin, an gwada tsarin mutanen gaɓar Bahar Rum, kuma ƙa'idojin 2023 sun ce babu hujjar da za ta sa a ware ɗaya a ce shi ne abincin PCOS. Wannan yana da muhimmanci, ganin yadda masu tallan shayin rage ƙiba da garin haɗi suka cika Facebook da TikTok. Haramta madara ko alkama ga kowace mai cutar ba shi da madogara. Tsarin da ya fi amfani shi ne wanda mace za ta iya riƙewa shekara da shekaru da kuɗin cefanen gidanta.

A tukunyar Bahaushe gyaran bai wuce abubuwa kaɗan ba, kuma mafi girmansu abin sha ne. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da suga kimanin giram 35, kusan cokalin shayi tara. Shayi mai kauri, da kunu, da zoɓo, da fura, idan aka zuba musu suga yadda aka saba, ba su da nisa da haka, kuma ba sa ƙosar da mai sha balle ya rage abincin da zai biyo baya. Sai hatsi: gero da dawa da ba a surfe su tas ba sun fi farar shinkafa da burodi da taliya, domin dusar da ta rage tana jinkirta shigar suga cikin jini. Amma gari mai laushi, ko na gero ne, yana saurin narkewa, saboda haka girman malmala yana da tasiri kamar irin hatsin. Wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono marar suga suna riƙe ciki, haka ma kwaɗon zogale ko rama da miyar kuka da ta kuɓewa. Ƙara miya da ganye tare da rage tuwo ya fi sauƙin ɗorewa a kan daina tuwo ɗungurungum, musamman a gidan da tukunya ɗaya ake ɗorawa. A watan azumi kuwa, buɗa-baki da soye-soye da kayan zaƙi yakan cinye ribar yinin.

Ba kowace mai cutar ke da ƙiba ba. Ga siririya manufa ita ce kada nauyi ya hau, ba ta rame ba. Ga mai ƙiba ma, yawan gori a kan jikinta ba ya haifar da ɗa mai ido, domin matsalar ci fiye da kima da ciwon damuwa sun fi yawa a tsakanin masu cutar, kuma ƙa'idojin sun bukaci a riƙa tambayar kowace game da su.

Motsa jiki da barci

Abin da ake nema shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Motsa jiki yana sa tsoka ta ji insulin ko da sikeli bai nuna ragi ba. Wadda ba ta cika fita ba tana iya tara mintocinta a tsakar gida da tsallen igiya ko daka ko zagaye. Minshari mai ƙarfi da gyangyaɗin rana alama ce ta ɗaukewar numfashi cikin barci, wadda ta fi yawa ga masu cutar kuma take ƙara dagula suga.

Magani ga wadda ba ta neman ciki

Babu maganin da ke kawar da cutar, don haka zaɓi yana bin abin da ya fi damun mace a lokacin. Ga rikicewar haila da gashi da ƙuraje, ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin estrojin da furojestin ita ce ta farko, kuma an fi son mai ƙaramin adadin estrojin, maikirogiram 20 zuwa 30. Ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da rikicewar gani, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya. Iyaye kan ƙi a ba budurwa wannan ƙwaya saboda sunanta, wasu kuma na tsoron za ta hana haihuwa nan gaba. Ba ta hanawa. Idan aka daina sha, jiki yana komawa yadda yake a da.

Wajen kare bangon mahaifa ne aka fi sakaci. Macen da ba ta sakin ƙwai, estrojin na ci gaba da kaurara bangon mahaifarta babu furojestaron da zai zubar da shi. Wannan ke kawo jinin da ke ɓallewa bayan watanni ya ƙi tsayawa, har mace ta rasa gane haila da istihala, kuma shi ke ninka haɗarin sankarar bangon mahaifa sau biyu zuwa shida, duk da cewa masu kamuwa ba su da yawa. Saboda haka wadda hailarta ke wuce kwana 90 tana bukatar kariya, ko da ƙwayar haɗi, ko da furojestin lokaci-lokaci, ko da robar mahaifa mai ɗauke da shi.

Metfomin, maganin ciwon suga da aka fara ba da rahoton amfaninsa ga PCOS daga Benezuwela a 1994, yana taimakawa ta fuskar suga da nauyi, musamman ga mai ƙiba. Ana farawa da miligiram 500 a ƙara a hankali saboda yana ɓata ciki, kuma daɗewa a kansa kan rage bitamin B12. Gashin fuska kuwa, ko da ana shan ƙwayar haɗi, ba ya ja da baya kafin wata shida. Idan bai yi ba, akan ƙara sifironolakton, da sharaɗin hana ɗaukar ciki domin yana iya cutar da ɗan tayi namiji. Inositol da ake talla sosai hujjarsa ba ta yi ƙarfi ba. Alluran rage ƙiba irin su semagulutayid suna rage nauyi, amma suna da tsada, nauyin kan dawo bayan an daina, kuma ba a shiga ciki da su.

Magani ga mai neman ciki

Yawancin masu cutar suna haihuwa, wasu ba tare da magani ba. Kafin a fara ba da maganin sakin ƙwai ya kamata a gwada maniyyin miji, a kuma duba hanyoyin ƙwai idan akwai dalilin zargin toshewa, domin ana iya haɗa matsala biyu a gida ɗaya.

Manyan gwaje-gwaje biyu da Richard Legro ya jagoranta a Amurka su suka tsara jerin magungunan. A na 2007, mai mata 626, kashi 22.5 cikin ɗari na waɗanda suka sha kilomifin sun haihu, na metfomin kaɗai kashi 7.2, na haɗin biyun kashi 26.8. A na 2014, mai mata 750, letirozol ya ba da kashi 27.5, kilomifin kuma 19.1. Shi ya sa letirozol ya zama zaɓin farko. Sayen Clomid, wato kilomifin, a kemis ana sha wata da watanni babu bibiya kuskure ne: ba a so a wuce zagaye shida, kuma in ba a duba ba, ba za a san ko an saki ƙwai ba. Idan ƙwayoyi suka gaza, sai alluran gonadotirofin tare da bibiyar sikanin, ko huda gidan ƙwai ta ƙaramar tiyata. Haɗa ƙwai da maniyyi a wajen mahaifa shi ne mataki na uku, kuma masu PCOS sun fi sauran mata haɗarin kumburin gidan ƙwai a lokacinsa. Jinkirta magani har sai an rage nauyi yana da amfani ga matashiya. Ga wadda ta haura 35, shekarun da ke tafiya sun fi kilo ɗin da za a rage tsada.

Bibiya bayan haka

Cikin mai PCOS ya fi fuskantar sugan masu juna biyu da hawan jini, don haka ake gwada sugarta kafin ɗaukar ciki ko a farkonsa, a sake tsakanin mako na 24 da na 28. Gwajin da ya fi inganci shi ne na shan giram 75 na gulukos. Gwajin HbA1c ya fi sauƙi, amma yana iya ɓatar da likita ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, kuma duka biyun sun yawaita a Nijeriya da Nijar.

Da shekaru suka ja, haila takan daidaita da kanta, sai mace ta ɗauka ta rabu da cutar ta daina zuwa asibiti. Rashin jin insulin kuwa yana nan. Ƙa'idojin 2023 sun ce a auna hawan jini kowace shekara, a duba kitsen jini tun ranar da aka gano cutar, a kuma maimaita gwajin suga duk shekara ɗaya zuwa uku gwargwadon nauyin mace da tarihin ciwon suga a danginta. Baƙin da ke fitowa a bayan wuya da hamata, wanda ake ɗauka dauɗa ce ana ta dirza, alama ce ta yawan insulin, kuma dalili ne na matso da gwajin kusa.