Takunkumin Ninƙaya Mai Rufe Fuska Duka: Nazarin Haɗarinsa ga Masu Kurme a Ruwayen Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Maƙalar ta auna yadda takunkumin ninƙaya mai rufe fuska duka yake aiki, ta gwama shi da aikin da masunta ke yi a ƙarƙashin ruwa a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe. Ta dogara ga ilimin numfashi da binciken da aka wallafa a ƙasashen waje. Ta gano cewa an ƙera takunkumin ne domin mai kwanciya a saman ruwa mai garai, kuma ba shi da gurbi a cikin kayan ceto na wannan yanki.

Gabatarwa

Gulbin Zamfara, a hanyarsa daga Gummi zuwa Jega, yana ratsa kudancin Jihar Sakkwato, ga kuma tafkuna da fadamun da ke cika da damina. Idan kwale-kwale ya kife, ba jami'an ceto ne ke fara isa ba. Sarkawa ne da sauran masunta, ƙarƙashin Sarkin Ruwa. A watan Afrilun 2022 mutum 29, yawancinsu matasa, suka rasu a Gidan Magana cikin ƙaramar hukumar Shagari, maƙwabciyar Tambuwal, kuma masu kurme na gari ne suka shiga neman gawawwakin. Duk mai tausayi zai so a tallafa wa waɗannan bayin Allah da kayan aiki. To, wane kaya? Tun da kamfanin Decathlon na Faransa ya fito da takunkuminsa mai suna Easybreath a 2014, kwaikwayonsa masu araha suka cika kasuwannin intanet, kuma a ido suna kama da kayan ƙwararrun masu nutso. Nan haɗarin yake.

Iskar da ke komawa huhu

Baligi yana shaƙar kimanin mililita 500 a kowane numfashi idan yana hutawa. Kusan 150 daga ciki suna tsayawa a hanci da maƙogwaro, ba sa kaiwa inda jini ke ɗaukar oksijin. Duk abin da aka ɗora a fuska yana ƙara faɗin wannan fili. Masu ƙera takunkumin sun yi dabarar raba shi gida biyu, na ido da na hanci da baki, da ƙananan bawul da ke tilasta wa iska bin hanya ɗaya. Amma dabarar ta rataya ne kacokan ga robar da ke manne wa fuska. Da zarar ta saki, iskar da aka fitar, wadda oksijin ɗinta ya sauka daga kashi 21 zuwa kimanin 16 cikin ɗari, sai ta gauraya da sabuwa, mutum ya riƙa shaƙar abin da ya fesar. Gemu kaɗai ya isa ya hana robar kamawa, kuma kowa ya san yawan masu gemu a cikin magidantanmu.

Gwaje-gwajen da aka yi wa takunkumin ba su zo da baki ɗaya ba. Na Jami'ar Duke ta Amurka a 2022 bai sami wata babbar matsala ga lafiyayyun da aka gwada ba. Na Auckland da aka wallafa a 2023 kuwa ya nuna raguwar oksijin da taruwar gurɓatacciyar iska sun fi yawa a wannan takunkumi fiye da bututun shaƙa na da. Binciken da aka yi a Hawai ya ƙara haska wani abu: jan iska da ƙarfi ta matsattsen bututu yana iya sa ruwan jiki ya tsattsafo cikin huhu, musamman ga mai ciwon zuciya ko wanda ya wahala da iyo. Irin wannan mutum ba ya ihu, ba ya fafutuka. Ƙarfinsa ke ƙarewa, ya suma.

Ruwan da muke da shi

Ko da an ɗauki sakamako mafi sassauci, lafiyayyu aka gwada cikin yanayin da aka tsara. Mai neman wanda ya nutse yana kokawa ne da igiyar ruwa, numfashinsa ya ninka. Dole kuma ya yi ƙasa, inda nauyin da ke danna kunne yake ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin ɗari a zurfin mita 3. Mai nutso yana sauƙaƙa wannan ta hanyar toshe hanci ya hura, ga shi takunkumin ya rufe hancin. Iskar da ke cikinsa tana ɗago kai sama, bututunsa yana iya sarƙewa a taru ko saiwar itace, cire shi cikin gaggawa kuma ba wasa ba ne. Ladan duk wannan wahala shi ne gani, alhali ruwan damina jajir yake da laka, masu kurme da hannu suke lalube.

Wajibi ne a faɗakar da masu yasar rijiya ma. Takunkumin ba ya ɗauke da iska, ba ya kuma tace ta. Wanda ya sa shi ya shiga rijiyar da oksijin ya ƙare a cikinta zai faɗi daidai da wanda bai sa komai ba.

Shawara

Kuɗin da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ko ƙananan hukumomin biyu, ko masu hannu da shuni za su ware, ya fi dacewa su tafi ga rigunan kariya na fasinja, da igiyar da za a ɗaura wa mai kurme a ƙugu wani yana riƙe da ita daga jirgi, da koya wa masunta yadda ake farfaɗo da wanda aka tsamo. Kafin a sayi komai, a zauna da sarakunan ruwa na kowace mashiga a ji abin da aikinsu yake buƙata.