Na'urorin auna sinadaran ƙwaƙwalwa a jikin dabbobi

Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne ta hanyar wasu sinadarai, irin su dofamin da gulutamet. Sinadaran kan fito su ɓace cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, abin da ya daɗe yana hana masana kimiyya ganin aikinsu a daidai lokacin da yake faruwa.

Tsohuwar hanyar dai, wadda Urban Ungerstedt na ƙasar Suwidin ya bunƙasa a shekarun 1970, ita ce a zura siririn bututu cikin ƙwaƙwalwar dabba a riƙa tsotso ruwa ana gwadawa. Sai dai kowane awo yakan ci mintuna da dama.

A waɗannan shekarun ne kuma Ralph Adams na Jami'ar Kansas a Amurka ya fara auna sinadaran da lantarki. Daga baya aka inganta dabarar da zaren kabon wanda bai kai kaurin silin gashi ba, mai iya auna dofamin sau 10 a daƙiƙa yayin da dabbar ke yawonta.

Amfanin wannan sauri ya bayyana a 2003, lokacin da masu bincike a Jami'ar North Carolina suka gwada ɓerayen da aka koya wa danna maɓalli su samu hodar iblis. Sun gano cewa dofamin yana hauhawa tun ɓeran yana dosar maɓallin, kafin hodar ta shiga jikinsa. Wato sinadarin yana da hannu wajen ingiza neman ƙwayar tun daga farko, lamarin da ke da muhimmanci ga masu neman maganin shaye-shaye.

A 2018 kuma, tawagar Lin Tian a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, da ta Yulong Li a Jami'ar Peking da ke Sin, suka ƙirƙiro furotin da ke fitar da koren haske idan dofamin ya taɓa shi. Wannan dabarar tana buƙatar a sa wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sabon ƙwayar halitta, shi ya sa ake amfani da ita a kan dabbobi kamar ɓeraye da kifi da ƙudaje.

Ana kuma amfani da na'urorin wajen nazarin cutar Parkinson, wadda ke tasowa idan ƙwayoyin da ke samar da dofamin suka mutu.