TARIHIN FENSHO A NIJERIYA: DAGA BAITULMALI ZUWA ASUSUN MA'AIKACI

Masu iya magana sun ce ajiya maganin wata rana. A da, in ƙarfin Bahaushe ya ƙare, gandu ne ke riƙe shi, 'ya'ya su yi noma su cika rumbu, tsoho ya ci yana zaune. Da aikin albashi ya shigo, mutum ya bar gona ya kama alƙalami, sai tambaya ta taso: in ya tsufa, wa zai ci da shi?

Turawan mulkin mallaka suka fara ba da amsa. A 1951 aka kafa dokar fensho ta ma'aikatan gwamnati, aka mai da aikinta baya tun daga 1 ga Janairu, 1946. A 1961 aka buɗe asusun ajiya na ƙasa domin ma'aikatan kamfanoni, wanda ke biyan mutum kuɗinsa gaba ɗaya ran da ya bar aiki. Sa'an nan a 1979 gwamnatin soja ta fito da doka mai lamba 102, ta shimfiɗa tsarin fensho da garatuti na ma'aikatan farar hula.

To, a nan ne gizo ke saƙa. A wancan tsari ba a cire wa ma'aikacin gwamnati ko kwabo, ba a kuma tara wata dukiya a juya ta. Kowace shekara daga kasafin kuɗi ake ɗiba a biya. Muddin man fetur na da daraja, lafiya lau. Da farashinsa ya faɗi, aka kuma karya darajar naira a 1986, sai baitulmali ya gaza. Bashi ya yi ta hawa, tsofaffi suka riƙa kwana a layin tantancewa, wasu ma rai ya yi halinsa ba su ga haƙƙinsu ba.

A 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, aka sauya tsari, bisa koyi da abin da ƙasar Cile ta fara a 1981. Aka buɗe wa kowane ma'aikaci asusu na kansa. Shi ya zuba kashi 7.5 cikin ɗari na albashinsa, mai ba shi aiki ya zuba kamarsa. Dokar 2014 ta mai da su kashi 8 da kashi 10. Hikimar dokar ita ce raba hannu: kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke riƙe da su daban, hukumar PenCom kuma tana sa ido. Mai ritaya yana iya karɓar wani kaso a dunƙule, saura kuwa ya zaɓi ɗayan biyu: ko a riƙa tsakuro masa daga asusunsa wata-wata, ko ya sayi inshorar da za ta biya shi har ƙarshen rayuwa.

Amma fa ba a rabu da Bukar ba. A 2021 kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara 8 a kan kuɗin 'yan tsohon tsari, alhali shi aka ɗora wa gyaransa. Har ila yau, ko da yake dukiyar sabon asusu ta zarce naira tiriliyan 20 a 2024, mafi yawanta rance aka ba Gwamnatin Tarayya, kuma a shekarar ta 2024 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Watau lambar da ke cikin asusu tana ƙaruwa, buhun da za ta saya yana raguwa.

'Yan'uwa ɗalibai, yawancinmu aikin koyarwa ke jiranmu. Kafin mu sa hannu a takardar kowane kamfani, mu tambaya ina ake kai kuɗinmu, nawa kuma suke haifarwa bayan an cire tsadar kaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya sa mu gama lafiya, amin.