Tarihin Ƙwayoyin Magani Masu Daɗewa a Cikin Tumbi

Tumbin ɗan Adam ba ya riƙe baƙo. Idan babu abinci a cikinsa, duk bayan kimanin minti 90 zuwa 120 yakan matse da ƙarfi ya tura abin da ya rage zuwa hanji. Wannan matsala ce ga magunguna irin su levodopa na ciwon makyarkyata da metformin na ciwon suga, domin a farkon ƙaramin hanji jiki ya fi tsotse su. Da ƙwaya ta wuce wurin, yawancin abin da ya saura a cikinta ya tafi a banza.

Kafson farko mai sakin magani a hankali shi ne Spansule, wanda kamfanin Smith Kline & French na Amurka ya fitar a 1952. Ya rage yawan shan magani, amma bai hana shi wucewa ba. Abin mamaki, likitancin dabbobi ne ya riga na mutane: a 1958 masana a Ostareliya suka ƙera dunƙulen kobal mai nauyi, wanda ke nutsewa a cikin tunkiya ya yi watanni yana narkewa.

Ga mutum kuwa, dabarar da ta fi karɓuwa akasin wannan ce. A shekarun 1970 Sheth da Tossounian na kamfanin Roche suka cakuɗa magani da garin da ke kumbura ya yi yauƙi idan ya jiƙa, sai kafson ya taso saman ruwan ciki kamar ƙosai a mai. Daga nan aka samu Valrelease da Madopar HBS. Wasu suka ƙara bikabonet, wanda ke fitar da iska idan ya haɗu da tsamin ciki. Haka Cifran OD, wanda kamfanin Ranbaxy na Indiya ya fitar, yake aiki. Wata hanyar ita ce ƙwaya ta kumbura har ta gagari ƙofar hanji, kamar Glumetza da aka amince da shi a Amurka a 2005 da Gralise a 2011.

Duk waɗannan suna da rauni guda, kuma ba a cika faɗarsa da ƙarfi ba: sai da abinci suke zama. A cikin da ba komai, ƙwayar kan wuce da wuri, shi ya sa ake haɗa yawancinsu da cin abinci, abin da mai azumi ya kamata ya tattauna da likitansa. Tauna irin wannan ƙwaya ko daka ta kuma yana sakin maganin yini guda a lokaci ɗaya.

Yunƙurin da ya fi shafar ƙasar Hausa ya zo a 2016, lokacin da Robert Langer da Giovanni Traverso na cibiyar MIT suka bayyana kafso mai buɗewa ya zama siffar tauraro. Ya yi kusan mako biyu a cikin alade yana sakin ivermectin, maganin da ke kashe sauron da ya sha jinin wanda ya sha shi. Duk wanda ya ga yadda ake bin gida-gida da damina ana raba wa yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro na kwana uku kowane wata ya san darajar haɗiya ɗaya tak.

A Najeriya aikin ya fi yawa a ɗakunan binciken jami'o'i, inda aka gwada ƙaro, yauƙin kuɓewa, rogo da ɓawon dargaza a matsayin abin da zai riƙe magani. Unguwannin masana'antu na Bompai, Sharaɗa da Challawa a Kano sun fi shahara da jima, saƙa da robobi, ba da haɗa magani ba, yawancin sinadaran magani kuma daga Indiya da Sin ake shigo da su. Ƙaron Jigawa da Yobe ma har yanzu akasari ɗanye yake barin ƙasar.